Zaman Makokin da Aka Mayar Mini Fim

Ni ba mai son fim ba ce. Ko a gida in yara suka kunna, barci nake yi a kujera baki buɗe, su yi ta yi mini dariya. Amma fim ne ya raba ni da wuri ɗaya tak da nake da shi a Doha na yin maganar mijina, kuma har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji zuciyata tana tafasa.

Nas ce ni, 'yar Kagoro. Na zo Doha shekara biyu kafin korona, na bar maigidana da yaranmu biyu a Kafanchan. A tsakiyar kulle ya rasu, kuma ba ma cutar ce ta kashe shi ba, hawan jini ne. Babu jirgi mai tashi, babu mai sauka. A waya na kalli jana'izarsa, a ɗakin da muke sauya kaya a asibiti, ina cikin rigar leda gumi yana bin bayana. Na ga an sauke akwatin zuwa rabi, sai hoton ya tsaya cak. Da ya dawo har an fara zuba ƙasa. Na wanke fuska na koma kan marasa lafiya, don babu wanda zai karɓe ni.

A wurinmu ba a barin mai makoki ita kaɗai. Ana kwaso bencinan coci a jera a tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, mutane su yi ta shigowa. Kowa ya ce, "Sannu, ya haƙuri?" sai ya nemi wuri ya zauna. Ba wa'azi ake zuwa yi ba. Wani ya kawo kunu, wata ta yi ta gyangyaɗi a gefe, wani ya tuno ranar da mamacin ya faɗi a kan keke a gaban kasuwa, a yi dariya da hawaye a ido. Amfanin zaman ke nan, matar ta samu kunnuwan da za ta zuba wa maganar mijinta har ta gaji don kanta.

Ni abin da na samu shi ne saƙonni a waya, hoton kyandir da hoton hannaye biyu a haɗe. Shugabar matan zumuntarmu ta nan, wadda muke kira Mama, ta haɗa mu a waya ta yi addu'a mai tsawo, ta rufe da cewa mai bi ba ya tsawaita kuka. Ban ga laifinsu ba a lokacin, doka ce ta hana taro. Laifinsu na gani bayan an buɗe gari, da kowa ya ɗauka maganar ta wuce. In na buɗe baki na ce, "Maigidan yakan ce," kafin in kai ƙarshe wata ta dafa ni ta ce, "Yana wurin da ya fi nan, 'yar'uwa," sai a koma maganar inda ake samun manja mai kyau. Na koyi yin shiru. Na yi fiye da shekara da maganar mutum a cike a bakina.

Wata Juma'a, ranar da ake zuwa coci a nan, bayan an tashi daga sujada ban koma ɗaki ba, na wuce Corniche, wato doguwar hanyar bakin teku inda mutane ke shan iska. Na zauna a wani benci ina kallon jiragen katako, na kira 'yata. Ta ce mini ta nemi muryar babanta a wayarta ta rasa, ashe ƙaninta ya goge da zai sa wasa. Na lallashe ta, na kashe waya, sai na fashe da kukan da na hana ta. A ɗaya ƙarshen bencin akwai wani mutum dogo da takunkumi a fuska, ban ma lura da shi ba sai da ya yi magana da Hausa.

"Baiwar Allah, ki gafarce ni, na ji maganarki ba da niyya ba. Rasuwa aka yi miki?"

Na ce, "Maigidana."

"Allahu akbar. Ya haƙuri?"

Na ce, "Da godiya." Na jira ya ƙara da nasiha ya tashi, yadda kowa ke yi. Bai tashi ba, bai kuma ƙara komai ba. Ya gyara zama ya haɗa hannuwa a kan gwiwa, yadda ake yi a gidan rasuwa. Mun fi rabin awa a haka. Can ya ce shi direba ne daga wajen Funtua, matarsa ta rasu wajen haihuwa a cikin wannan kullen, shi yana rufe a masaukin ma'aikata, an hana su ko leƙa ƙofa. Na ce masa ya haƙuri. Ya amsa, muryarsa ta ƙi fita daidai, sai na gane shi ma ba wanda ya zauna masa.

Juma'ar da ta biyo na koma, ina ce wa kaina iska zan sha. Yana nan. Da kofi biyu na karak, shayin madarar nan da ake sayarwa a kowace kusurwa. Ya ajiye nawa a tsakiyar benci ya janye hannunsa. Haka muka ɗora, kowace Juma'a bayan la'asar, mu tashi kafin magariba. In aiki ya faɗo mini a ranar ba na zuwa, ba ya tambaya. In shi ne bai zo ba, in sha iskata in tafi.

A sati na uku na ce masa ai ban ma san sunansa ba. Ya girgiza kai.

"Bar shi haka, baiwar Allah. In na san sunanki, gobe zan san cocinku, jibi in san wanda ya san ki. Mu masu jin Hausa a garin nan nawa ne? Ai wanda ya je gaisuwa ba a tare shi a ƙofa a ce ya faɗi sunansa."

Na ga gaskiyarsa. Ba mu karɓi lambar juna ba. Shi baiwar Allah yake ce mini, ni in ce Malam. Ko mamatan ba mu kira sunansu ba, ni dama tarbiyyar da na taso da ita ba ta bar ni in kira sunan miji gatsau ba, sai in ce maigidan, shi kuma ya ce uwar yara.

Karɓa-karɓa muke yi. Na ba shi labarin yadda maigidan, malamin firamare ne, ke kwance rediyon da ba abin da ya same ta don ya ga cikinta, in ya ɗaure sai a samu ƙusa biyu sun rage. Da yadda yake cutar 'ya'yansa a wasan ludo, in an kama shi ya ce lissafi yake koya musu. Malam ya ba ni labarin uwar yara mai sayar da awara, wadda ba ta tsoron kowa a unguwa amma in ta ga kwaɗo sai ta hau turmi. Wani lokaci labari ɗaya zai maimaita sau uku a wata, ban taɓa ce masa na ji ba, don ni ma haka nake yi. Da zafi ya shigo muna zaune rigunanmu sharkaf da gumi, masu gudun motsa jiki suna wucewa suna kallonmu kamar marasa aikin yi. Barcina ya dawo a watannin nan. Na daina yi wa ɗaliban nas tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, akwai ranar Alhamis da na kama kaina ina goge atamfa da kulawar da ta wuce ta zuwa coci. Na tsaya da dutsen guga a hannu na tambayi kaina. Amsar da na samu ita ce ina son in je wurin da ake kallona a matsayin matar wani, ba nas mai lamba a ƙirji ba. Iyakarta ke nan. Ko yatsana mutumin nan bai taɓa ba.

Kuskurena ɗaya ne, na gaya wa abokiyar zamana. A Fereej Abdel Aziz muke, tsohuwar unguwa ce a tsakiyar gari, gida ɗaya an yanka shi da katako an zuba mu. Ni da wata yarinyar Jos muke raba ɗaki, ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce, Anti take ce mini. Yarinyar ba ta da mugun nufi, bakinta ne ba shi da linzami. Kuma tana da wata cuta ta son finafinan Turawa na da, irin waɗanda mutum zai yi minti goma yana kallon taga ba a ce komai ba, cikin yaren da ita kanta ba ta ji. Ta matsa mini da tambayar inda nake zuwa duk Juma'a har na gaya mata. Ta dafe ƙirji, idanunta suka yi ƙyalli.

"Anti! Ba suna, ba lamba, duk sati? Wannan ai fim ne. Wallahi akwai shi, sai kin gani."

Wata rana da rana tsaka muna hutu tare, ta ja labule ta ɗora kwamfutarta a kan bokitin da muka kife. Ta fara da yi mini bayani cewa fim ɗin ya tayar da ƙura da ya fito, wasu wurare sun hana nuna shi, masana sun yi ta faɗa, waɗansu su ce fasaha ce, waɗansu su ce iskanci ne da aka sa wa riga. Labarin wata mata ce da mijinta ya nutse a ruwa. Ta kama ɗaki a saman shagon mai kifi, duk mako tana haɗuwa da wani baƙo a can, da sharaɗin ba wanda zai faɗi sunansa. Da sun rufe ƙofa sai tuɓe kaya. Su gama, ta kalli bango, a sa wani kiɗa mai kama da kukan sauro, mako ya zagayo su sake tuɓewa.

Wuri ɗaya na yarda da shi, inda matar ta ɗebo faranti biyu za ta zuba abinci, ta tsaya tana kallon na biyun. Wannan ya faru da ni, duk da ma ba a gida ɗaya muke ba lokacin da ya rasu. Sauran kuwa haushi ya ba ni, ba kunya ba. Nas ce ni, tsiraicin da na gani a duniya ya fi wanda mai fim ɗin zai gani har ya mutu. Abin da ya ƙona mini rai shi ne mutumin ya ɗauki makokin mace ya yi tallar jikinta da shi. Matar da aka yi wa rasuwa, amma kullum haske yana sauka a cinyarta daidai wa daida. Ba kumburin ido, ba warin bakin wadda ta wuni ba ta ci ba, ba yaron da zai kira ta ya ce ya yi mafarkin babansa. Kuma a duk tsawon abin da na kalla ba ta ba da labarin mijin ko sau ɗaya ba, baƙon ma bai tambaya ba.

Na ce, "Kashe abin nan."

"Anti, ba ki gane ba ne. Jikin nan alama ce, yana nuna yadda baƙin ciki..."

"Alamar me? Wanda ya yi fim ɗin nan ko akuya bai taɓa binnewa ba. Kuma kada ki ƙara haɗa ni da wannan matar. Kin ji ni?"

Ta ce ta ji. Ashe a kunne ɗaya ya tsaya.

Lokacin an shiga hidimar gasar cin kofin duniya. An hana motoci bin Corniche, an cika wurin da allunan kallo da 'yan kallo masu fenti a fuska, bencinmu ma ban san inda aka kai shi ba. Malam ya riga ya ce mu koma Wakrah, garin masunta da ke kudu, can bayan kasuwa inda aka jera tsofaffin jirage a kan yashi. An sa shi tuƙa bas ɗin 'yan kallo, yana zuwa idanunsa jajaye don gajiya, amma yana zuwa.

Wata Juma'a bayan sujada matan zumunta suka tsaya cin abinci, ni ina aikin safe ban je ba. Wata ta ce kwanan nan na yi kyau, na yi ƙiba, ko akwai magana. Sai yarinyar nan, don ta nuna ta fi kowa sani, ta ce su bar Antinta, labarinta sak wani fim ne, ta faɗi sunan fim ɗin, ta ƙara da cewa har mutumin ma ba a san sunansa ba. Ɗaya daga cikinsu ta rubuta sunan fim ɗin a waya. Ba su kalli fim ba, ba su da wannan haƙurin, hotunan talla kawai suka gani da bayanin layi uku. Waya ta zagaya hannu zuwa hannu a kan farantin shinkafa. Kafin sati ya zagayo labari ya girma ya yi kafaɗa: ina da ɗaki a Wakrah, ina kwana da wani Musulmi da ban san ko sunansa ba, kuma a fim na koyo.

Ni ban san komai ba. Na dai ga gaisuwa ta yi sanyi a waya. Ranar Laraba da yamma na dawo daga aiki, ko takalmi ban cire ba aka ƙwanƙwasa. Mama ce da mata biyu, da gyale da Littafi Mai Tsarki a hammata. Abokiyar zamana ta zame ta shige kicin.

Suka shigo suka jeru a bakin gadona. Na tsaya ina kallonsu. Shekara biyu da rabi da rasuwar mijina, ranar ce farkon da ƙafar wata a cikinsu ta taka ɗakina. Ga su nan su uku a zaune, hannaye a kan cinya, fuska a sunkuye, daidai zaman da na yi ta roƙon Allah ya kawo mini. Ashe sun san hanya. Ashe akwai motar haya da ke zuwa unguwarmu.

Mama ta fara da addu'a, ta roƙi Ubangiji ya buɗe zuciyar da ta taurare. Da ta ce amin ta dube ni.

"'Yata, mun ji abin da bai yi mana daɗi ba. Gwauruwa a cikinmu, uwar 'ya'ya, ki bar kallon ƙazanta ya kai ki ga aikata ta? Kin san ƙasar da muke. In maganar nan ta kai kunnen da bai kamata ba, khalas, shi ke nan ke da aikin, har mu sai ta shafa."

"Wace ƙazanta, Mama?"

Ɗaya daga cikin matan ta miƙo mini waya da hoton matar fim ɗin a kwance, zani ya rufe rabinta. Na kalli hoton, na kalli fuskar mai miƙo shi. Ita ce wadda ta fi kowa saurin ce mini yana wurin da ya fi nan.

Na gaya musu gaskiya tsaf. Benci, shayi, labarin mamata, a fili a gaban duk mai wucewa. Mama ta saurara tana kaɗa kai irin na wanda ya riga ya yanke hukunci.

"To in gaisuwa ce, me ya kawo ɓoye suna? Mutumin kirki yana ɓoye sunansa? Tunda ke ba ki sani ba, mu mun sani."

Sai ta faɗa. Sunansa, da na mahaifinsa, da ƙauyensu, da kamfanin da yake wa tuƙi. Mijinta ne ya bi ta wajen masu gadin da ya sani, kwana biyu suka ishe shi. Ba a nan ya tsaya ba, ya je har masaukin direbobin ya samu dattawansu ya ce su ja wa ɗansu kunne ya fita harkar matan coci. Na so in toshe kunnena amma na makara, sunan ya riga ya shiga.

Ban san lokacin da muryata ta hau ba. Maƙwabtanmu 'yan Indiya da ke bayan katako sun ji komai, ko da ba su gane ba.

"Mama, da mijina ya mutu wace ce a cikinku ta zo ta zauna a inda kuke zaune yanzu? An buɗe gari, kun je bikin suna, kun je cin kasuwa, kun je kallon filin ƙwallo kun ɗauki hoto. Wace ce ta taɓa ce mini, wane irin mutum ne shi? Ko sana'arsa kun sani? Kwana biyu kuka yi kuka binciko sunan baƙo har da na ubansa. To ku faɗa mini sunan mijina."

Mama ta ce fushi ba na Ubangiji ba ne, kuma abin da ake so shi ne in tsaya gaban mata ranar Juma'a in nemi gafara, a yi mini addu'a, magana ta mutu. Na buɗe musu ƙofa na riƙe. Na ce Juma'a ina da wurin zuwa.

Da suka fita yarinyar ta fito daga kicin tana kuka, wai ita yabo take yi, wai a wurinta labarin mai kyau ne. Na ce mata ta ɗauki rayuwata ta yi kwalliya da ita a gaban mutane, daidai abin da mai fim ɗinta ya yi wa waccan matar. Ban ƙara ce mata uffan ba har ta nemi wani ɗaki bayan wata biyu. An ce na yi tsanani. Wataƙila.

Ranar Juma'a na hau jirgin ƙasa zuwa Wakrah a tsakiyar 'yan kallo masu tsalle da waƙa, wani ya ɗora mini hular ƙasarsu a ka, na cire na miƙa masa. Tsoro nake ji, ba don kaina ba. Ni takardar aikina tana da ƙarfi, asibiti na bukatata. Shi direba ne, irinsa dubu ne a layi, ƙorafi ɗaya ya isa kafil, wato mai gidan aikinsa, ya sa shi a jirgi, ga 'ya'ya uku a hannun tsohuwarsa. Duk da haka ina fata. Na ce in ya zo za mu yi tsaki tare, mu sauya wuri, mu ci gaba. Har na tanadi wani labarin maigidan da ya faɗo mini a cikin satin, wanda na manta da shi shekara da shekaru, ina ta juya shi a raina don kada ya sake ɓacewa.

Ya zo. Ba shayi a hannunsa, kuma ba shi kaɗai ba ne. Wani dattijo mai jar hula ya rako shi, ya tsaya can jikin wani jirgi yana jan carbi, inda zai gan mu ba zai ji mu ba. Malam bai zauna ba. Ya tsaya a gabana kamar mai jiran hukunci, ya gaishe ni, ya kira ni da sunana. Shi ma an kai masa.

"Dattawanmu sun zaunar da ni," in ji shi. "Na rantse musu da Alƙur'ani ba komai, sun yarda. Amma sun ce magana ta riga ta fita, kuma sunan mace ne ke ɓaci. Sun ce abu biyu ne, ko in fita hanyarki, ko in nemi aurenki, tunda addini bai hana ba." Ya kafe idonsa a kan yashi. "To ni ne sanadi. In kin amince, zan aure ki, a wanke ki."

Duk fushin da na yi wa Mama bai kai wanda ya taso mini a lokacin ba. Mutanena sun dube mu sun ga gado, mutanensa sun dube mu sun ga ɗaurin aure, duk abu ɗaya suka gani, kowa da irin tasa ladabtarwar. Amma shi ya san abin da muke yi a bencin nan. Shi kaɗai ne a duk ƙasar ya sani.

"A wanke ni daga me, Malam? Ni na ce maka miji nake nema? Ina da miji. Yana Kagoro a bayan gidan ubansa, kai ka fi kowa sanin haka. Kai kuma uwar yara fa? Ka gama da ita ne?"

Ya ɗago ido, jajaye. "Ban gama ba. Haka na gaya musu. Suka ce to me nake nema a wurinki."

"Me ka ce?"

"Na rasa yadda zan faɗa su gane."

Daga wajen kasuwa aka kwashe da ihu, wata ƙasa ta ci ƙwallo. Na so in ce ya zauna ko minti goma ne, amma na ga yadda yake satar kallon dattijon, na tuna 'ya'yan nan uku. Na ce masa ya je, na ƙi tayin, ya gaya musu ni ce na ƙi, kuma kada ya sake zuwa. Ya ce in yafe masa. Na ce ba shi ne ya yi mini laifi ba, amma bakina ya ƙi furta na yafe, don a lokacin har shi ina jin haushi. Ya jira kaɗan, ya juya. Dattijon ya ɗaga mini hannu daga nesa cikin mutunci, suka bi ta tsakanin jiragen suka shige kasuwa.

Na zauna a wurin har aka kira magariba. Aikinsa bai taɓu ba, wannan na ji daga baya kuma na gode wa Allah. Matan zumunta sun aiko mini sau biyu cewa ƙofa a buɗe take, ban je ba, na koma wata sujadar da ake yi da Turanci inda ba wanda ya san ni.

Labarin da na tanada ranar ba wani babban abu ba ne, a kan wata tafiya ce da muka yi da maigidan a motar kasuwa muna sabon aure. Na sha ɗaukar waya in ba 'yata, sai in tuna ita ma ni take jira in lallashe ta. Na fara rubuta shi a nan sau biyu ina gogewa, don ba irin wanda ake rubutawa ba ne, sai da mutum a zaune a gefe yana jinka. Har yau ban ba kowa shi ba.